Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu kula da manhajar nan ta bibiyar oda: takardun bayaninku na ranar da komai ya tafi lafiya ne kaɗai

Assalamu alaikum malamai, ya aiki, ya ƙoƙari. Allah ya ƙara basira.

Ba zan kama sunan manhajarku ba, ku kun san kanku, kuma abun da zan faɗa ya shafi wasu da dama irinku masu gina kayan aikin da ake jona wa wakilin AI, wato manhajar basirar na'ura da ke yi wa mutum aiki a madadinsa, domin ya riƙa bibiyar odar saye da sayarwa a kasuwa, ko ta hannun jari ko ta kirifto. Ni ƙaramin ɗan kasuwa ne da ke taɓa rubuta kod kaɗan kaɗan, ba injiniya ba ne, kuma kusan sati biyu ke nan ina gwada manhajar a asusun gwaji, wanda kuɗin ciki na bogi ne, kafin in yarda in saka mata kuɗina na gaske. Har yanzu ban saka ba. Ita manhajar tana aiki, ban kama ta da wata ɓarna babba ba, abun da ya riƙe min hannu takardun bayaninku ne.

Bari in fara da abun da kuka yi daidai, don yabon gwani ya zama dole. Shafin farko da ke nuna yadda ake saukewa a ɗora a jona da wakilin, wallahi ya yi kyau, ko minti goma sha biyar ban yi ba sai ga shi yana amsa min, misalan da kuka bayar na kwafa na liƙa suka tashi ba tare da na canza komai ba, kuma duk wanda ya saba da irin waɗannan kayan ya san ba kasafai ake samun haka ba, sau tari misalin farko ma shi ke fara watsa wa mutum ƙasa a ido. Wanda ya rubuta wannan shafin a cikinku ya gwada abun da hannunsa, ana gani. To daga nan ne fa tafiyar ta canza.

Akwai abun da nake ganin kamar ba ku riƙe shi a rai ba lokacin rubutun. Takardun manhaja irin taku masu karatu biyu gare su, ni da wakilin. A tsarin MCP, ƙa'idar jona kayan aiki da AI da kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba 2024, wanda da shi manhajarku ke magana da wakilin, kowane kayan aiki yana zuwa da suna, da bayani a rubuce, da tsarin abubuwan da za a ba shi. Shikenan abun da wakilin ke gani. Bai ga kod ɗinku ba, bai san abun da kuka tattauna a tsakaninku ba, jimlar nan da kuka rubuta a gurbin bayani ita ce duk iliminsa game da aikin. Ni in ban gane ba zan iya buɗe kod in leƙa, ko in yi tambaya in jira amsa, ko in haƙura in kashe kwamfuta in tafi. Shi kuwa wakilin cike gurbin yake yi da hasashe, ya kawo min hasashen cikin jimla mai tsafta mai daɗin karantawa kamar wanda ya tabbatar. Kuma bayanin da kuka ba babban aikin manhajar layi ɗaya ne tak, ma'anarsa wai yana dawo da halin da oda take ciki. Wane hali? Na yaushe? A bakin wa, dillali ko ajiyarku?

Ga abun da ya faru da ni a kwana na uku. Na saka odar sayen hannun jari 100 a ƙayyadadden farashi, na bar ta, farashin ya taɓa wurin ya ɗan saya sannan ya gudu sama, ni kuma ganin ya gudu sai na soke odar. Na tambayi wakilin ya ake ciki, ya ce min an soke odarka, babu wata oda a buɗe. Kuma gaskiya ya faɗa. Sai da na shiga shafin dillali da kaina da daddare na tarar da hannun jari 40 zaune a asusuna, wato kafin sokewar ta isa an riga an saya min 40, sauran 60 ɗin ne aka soke. Da kuɗin gaske ne da na kwana da kayan da ban san ina riƙe da su ba, babu odar tsayar da asara a kansu, wato wadda ke sayar da kayan da kanta in farashi ya faɗi zuwa wani mataki, babu komai. Na koma takardunku ina neman inda aka ce sokakkiyar oda tana iya zama da ciko a cikinta, babu. Halaye huɗu kawai kuka lissafa, a buɗe, ta cika, an soke, ta faɗi, kowanne ba a ƙara masa ko kalma ɗaya ta bayani ba, kamar kalmar ta ishi kanta. Daga baya da na kalli ainihin amsar da manhajar ke dawowa da ita sai na ga ashe adadin da ya cika yana nan a wani gurbi mai gajeren suna, manhajar ta sani sarai, amma ba wanda ya gaya wa wakilin cewa ya duba wannan gurbin ko da halin ya ce an soke, ni ma ba wanda ya gaya min.

Wannan fa ba sabuwar matsala ba ce da za a ce ku ne kuka fara cin karo da ita. Ƙa'idar FIX da manyan kamfanonin dillanci ke musayar oda da ita tun 1992 take, Fidelity da Salomon Brothers ne suka fara ta, kuma tun tuni ta raba waɗannan abubuwa daki daki. Halin oda yana gurbi na 39, kuma a ciki akwai sabuwa, akwai wadda ta cika wani ɓangare, akwai wadda ta cika duka, akwai sokakkiya, akwai wadda aka ƙi karɓa, akwai wadda wa'adinta ya ƙare, akwai kuma wadda ake jiran sokewarta wadda lambarta 6. Adadin da ya riga ya cika gurbinsa daban, na 14, wanda suke kira CumQty, abun da ya rage kuma na 151, LeavesQty. Ba don son wahalar da kai suka yi haka ba. Wannan halin na jiran sokewa shi ne wurin da mutane ke zamewa, ka tura saƙon soke, saƙon yana hanya, a wannan ɗan tsakanin kasuwa na iya cika maka odar gaba ɗaya, sai amsar da za ta dawo ta ce sokewa ba ta yiwu ba, an makara. Ban ce dole ku kwaikwayi FIX ba, in kun ga halaye huɗu sun fi sauƙi ga mai amfani to ba laifi, amma ku ba mu jadawali da ke nuna kowane hali na dillali cikin wanne naku yake faɗawa. Jiran sokewa kuna lissafa shi a buɗe ne ko a soke? Wadda dillali ya ƙi karɓa saboda kuɗi bai isa ba da wadda saƙonta bai ma isa wurin dillali ba, duk ta faɗi kuke kiransu? Ai ba abu ɗaya ba ne, ta farko ka tabbata ba ta shiga ba, ta biyu kuwa sai an bincika.

Na san za ku ce wannan ai ƙaramin abu ne, manhajar bibiya ce kawai. Ku tuna da Knight Capital. A ƙarshen Yuli 2012 wannan kamfanin dillancin hannun jari na Amurka ya ɗora sabon kod a sabobinsa takwas, wato manyan kwamfutocin da ke tura masa oda, sai dai guda ɗaya ba a kwafa masa ba, ya zauna da wani tsohon kod mai suna Power Peg da aka daina amfani da shi shekaru da dama amma ba a goge ba. Abun da ya sa nake kawo labarin shi ne, ɓangaren da ke ƙirga adadin da ya riga ya cika domin a san lokacin tsayawa, tun 2005 aka ɗauke shi daga inda yake aka mayar wani wuri, ba a sake gwada tsohon kod ɗin ba. Da aka buɗe kasuwa ranar 1 ga Agusta sai saban nan ya kama tura oda ba ƙaƙƙautawa, don babu mai gaya masa an cika, ya isa. Odar kwastomomi 212 ce ta shigo, ta haifi ciniki sama da miliyan 4 a hannayen jari 154 cikin kusan minti 45, asarar ta haura dala miliyan 460 a lissafin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jarin Amurka, wadda daga baya a 2013 ta ci su tarar dala miliyan 12. Kuma kafin a buɗe kasuwar ranar, tsarinsu ya aika saƙon imel 97 ga ma'aikata da ke ambaton matsala a Power Peg, ba a ɗauke su a matsayin ƙararrawa ba, don ba a tsara su a matsayin haka ba. Hukumar ta kuma kama su da rashin rubutacciyar ƙa'ida da ta wajabta wani na biyu ya duba aikin ɗora kod. Ni ba miliyoyi nake juyawa ba, amma ciwon iri ɗaya ne da hannun jarina 40, na'ura ba ta san nawa ya cika ba, ko ta sani ba a rubuta wa mai karatu inda zai duba ba.

Gwaji na biyu da gangan na yi shi. Ina da oda biyu a buɗe, sai na cire intanet daga kwamfutar da manhajar ke kai na ɗan lokaci, na mayar, nan take na tambayi wakilin odar da nake da ita. Manhajar ta dawo masa da jeri wanda babu komai a ciki, shi kuma ya juyo ya ce min a halin yanzu ba ka da wata oda a buɗe. Haba malamai. Babu oda daban, ban samu na tambayo ba daban, wannan ko yaron shago ya san bambancinsu, in ka aike shi ya tarar da ƙofa a rufe ba zai dawo ya ce maka kaya sun ƙare ba. Wataƙila akwai saitin da ke sa manhajar ta yi ihu a irin wannan yanayi maimakon ta yi shiru, to in akwai shi ba ya cikin takardun. Sashen kurakurai naku gaba ɗayansa sakin layi ɗaya ne da ke cewa in an samu matsala a duba mabuɗin API, wato lambar sirrin da manhajar ke shiga asusun dillali da ita, a kuma tabbatar akwai intanet. Ba a ce komai ba game da abun da ke faruwa in dillali ya dawo da lamba 429, wato kun cika tambaya ku dakata, wanda kuma wakilin AI gwanin jawo shi ne don yana iya kiran aiki ɗaya sau biyar a tambaya ɗaya. Manhajar tana jira ta sake gwadawa ne? Sau nawa? Ko tsohuwar amsar da ta ajiye take miƙowa a matsayin sabuwa?

Wannan ya kawo ni kan maganar sake gwadawa, wadda ita ce ta fi tayar min da hankali. A saman shafinku kun kira manhajar ta bibiya, amma da na lissafa ayyukan da wakilin ke gani sai na tarar akwai na soke oda, akwai kuma na canza farashinta ko adadinta. To wannan ya wuce kallo, taɓa kuɗi ne. A wurin dillalai da yawa canza oda yana nufin a soke tsohuwa a saka sabuwa, sabuwar kuma ta koma ƙarshen layi a farashin, lambarta ma tana iya canzawa. In aka tura canjin sai lokaci ya ƙure amsa ba ta dawo ba, wakilin ya ga kamar bai shiga ba ya sake turawa, me ke hana ni wayi gari da oda biyu? Maganin da aka sani shi ne lambar da mai turawa ke liƙa wa odar tun daga wurinsa, wadda FIX ke kira ClOrdID a gurbi na 11, dillali in ya ga lambar ta maimaitu sai ya ƙi karɓa. Kuna amfani da irin wannan? Ku ne ke ƙirƙirar lambar ko wakilin ake sa ran ya ƙirƙira? Na ga gurbinta a tsarin abubuwan da ake ba aikin, an ce ba dole ba ne, ba a faɗi amfaninta ba, kuma kun san duk abun da aka ce wa wakili ba dole ba ne ba tare da dalili ba tsallake shi zai yi. Tun gyaran da aka yi wa ƙa'idar MCP a watan Maris 2025 akwai alamomin da ake saka wa aiki a nuna na karatu ne kawai, ko mai iya yin ɓarna ne, ko maimaita shi ba ya ƙara komai, su readOnlyHint da destructiveHint da idempotentHint. Ishara ce kawai, ba su hana komai da kansu, amma manhajar da wakilin ke zaune a ciki tana iya dogara da su ta tsaya ta nemi izinina kafin a soke min oda. Ko ɗaya ba ku saka ba, takardun ma ba su san da zamansu ba.

Shi kansa mabuɗin API ɗin, kun ce a ƙirƙira a liƙa a fayil ɗin saiti, shikenan. Dillalai da kasuwannin kirifto da yawa suna ba mutum damar zaɓar izinin mabuɗi, na karatu kawai, na ciniki, wasu har na cire kuɗi. Sabon shiga da ke son abu ya tashi da wuri duka akwatunan zai latsa, ni ma na san halin, na taɓa yi. Jimla biyu sun isa ku ce masa in bibiya kawai kake so ka ba da izinin karatu, kada ka taɓa kunna na cire kuɗi, ga ayyukan da ba za su yi ba in ka yi haka. Haka kuma ya kamata a faɗa ƙarara cewa duk abun da manhajar ta ɗebo, odojina da adadinsu da farashinsu, yana wucewa zuwa kamfanin da ke da wakilin AI ɗin, don haka tsarin yake, amma ba kowa ya san haka ba, wani yana zaton tunda a kwamfutarsa ya ɗora to a kwamfutarsa abun ya tsaya.

Maganar lokaci kuma. Amsarku tana zuwa da gurbin lokaci, lamba ce doguwa mai harafi 13, wanda ya saba zai gane ƙirgen Unix ne daga 1 ga Janairu 1970 a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, don na daƙiƙa zalla harafi 10 ne a wannan zamanin. Amma a misalin da ke takardunku harafi 10 ne. To wanne ne? Kuma lokacin me, lokacin da aka saka odar, ko lokacin da ta canza hali na ƙarshe, ko lokacin da manhajarku ta tambayo? Sau ɗaya wakilin ya fassara min shi a matsayin lokacin da odar ta cika alhali lokacin sakawa ne. Kasuwar New York tana buɗewa 9:30 na safe agogon can, Amurka tana tura agogonta gaba a Lahadi ta biyu ta Maris, Turai kuma sai Lahadin ƙarshe ta Maris, wato akwai makonnin da tazarar da mutum ya haddace ba ta aiki, kuma odar yini ɗaya a agogon kasuwa take mutuwa ba a nawa ba. A Tarayyar Turai tun da dokar MiFID II ta fara aiki a Janairu 2018, masu ciniki da na'ura mai tsananin sauri agogonsu ba ya halatta ya kauce wa UTC, wato agogon bai ɗaya na duniya, da fiye da kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa. Ba wannan nake nema a wurinku ba, ku dai rubuta cewa UTC ne ko ba shi ba ne. Sannan ku faɗa mana tsufan labarin, manhajar tana buɗe layi ne dillali ya riƙa turo mata canji nan take, ko zuwa take yi tana tambaya lokaci lokaci, in tambaya ce duk bayan daƙiƙa nawa. Kalmar nan da kuka saka a kan shafi da manyan baƙaƙe wai kai tsaye, a gwajina na ga an kai kusan rabin minti kafin canji ya bayyana, kuma rabin minti a kasuwa mai motsi ba wasa ba ne.

Lambobi ma haka, a taƙaice. Farashi da adadi kuna dawo da su a matsayin lamba mai ɗigo irin wadda kwamfuta in ta haɗa 0.1 da 0.2 take ba da 0.30000000000000004, alhali Bitcoin kaɗai gida takwas gare shi bayan ɗigo, shi ya sa kasuwanni da yawa ke turo lambobin a matsayin rubutu don kada su lalace a hanya. Matsakaicin farashin da kuke nunawa har da kuɗin dillali a ciki ko babu? Adadin a ma'aunin abun da na saya ne ko a kuɗin da na biya? Kowace tambaya layi ɗaya ce amsarta.

Bari in faɗi wani abu da ba lallai ya yi muku daɗi ba. Sashen da ke lissafa ayyuka ɗaya bayan ɗaya, ƙamshin rubutun na'ura nake ji a jikinsa, jimloli masu santsi, dogaye, kowane aiki an maimaita sunansa da wasu kalmomi an kira shi bayani, aikin soke oda wai yana ba da damar soke oda cikin sauƙi da inganci. Ni ba na ƙin a sa AI ya taya rubutu, ai da shi nake aiki kullum, amma shi abun da ya gani a sunan aikin da kod ɗin zai juya muku, ba zai san daren da ɗayanku ya kwana yana neman dalilin da wani dillali ke turo labarin ciko kafin labarin karɓar oda ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wuraren yoyon ne muke buƙatar gani a rubuce. Daniele Procida a tsarinsa na Diátaxis ya kasa takardun manhaja gida huɗu, darasin koyo, jagorar yin wani aiki takamaimai, kundin duba bayanai, da kuma bayanin dalilai. In na ɗora naku a kan wannan mudu, na farko kun cika shi, na uku rabi, na biyu ɗan kaɗan, na huɗu kuwa ko ɗaya, babu shafin da ke zaunar da mutum ya ce masa ga rayuwar oda daga haihuwarta zuwa mutuwarta, ga inda manhajarmu ke gani, ga inda idonta bai kai ba.

Sai kuma tsufan takardun. Hoton da ke shafin saiti yana nuna gurbin da sigar da na sauke ba ta da shi, an canza masa suna, na gano ne bayan na karanta tarihin gyare-gyaren kod ɗinku, wanda ba aikin mai amfani ba ne. Babu shafin da ke lissafa abun da ya canza daga siga zuwa siga, takardun ma ba su faɗi sigar da suke magana a kanta ba. Ga mutum wannan ɓacin rai ne na awa ɗaya, amma wanda ya rubuta wa wakilinsa umarni da tsohon sunan gurbin, ranar da ya sabunta manhajar umarnin zai daina kama komai shiru ba tare da wani kuskure ya fito ba. Haka maganar cewa tana aiki da duk manyan dillalai, wannan talla ce, a takardar bayani sunaye muke so, wa kuka gwada, da wace siga, me ke aiki a wurin wannan ba ya aiki a wurin wancan. In biyu kuka gwada ku ce biyu, ba wanda zai raina ku, asali ma ni zan fi yarda da ku.

In kuna so ku auna da kanku ba sai kun ɗauki maganata ba, ga yadda na yi, ba shi da wuya. Na buɗe sabuwar hira da wakilin, na ba shi takardunku kaɗai ba kod, na tambaye shi in oda ta nuna an soke zan iya tabbata ban sayi komai ba, ya ce eh. Na tambaye shi in jeri ya dawo babu komai ma'anarsa ba ni da oda, ya ce eh. Na tambaye shi in canza oda ya ƙi dawo da amsa in sake turawa, ya ce in sake. Amsa uku, duka ukun suna iya cin kuɗin mutum, kuma ban ga laifinsa ba, dukansa zai zama an bar jaki ana dukan taiki, abun da kuka ba shi ya karanta. Ku maimaita wannan gwajin duk lokacin da kuka taɓa takardun, har da mutum ma, ku samu wanda bai taɓa ganin kod ɗin ba ku yi masa tambayoyin ku ga inda zai yi tuntuɓe.

Na san da yawanku a lokacin hutunku kuke wannan aiki kuma rubuta takardu ba ya cikin abun da ke burge mai rubuta kod, gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Ban nemi ku sake gina komai ba. In ma lokaci ya yi muku kaɗan ku fara da layin nan ɗaya da wakilin ke karantawa, ku mayar da shi wani abu kamar haka: yana dawo da halin oda kamar yadda dillali ya faɗa a lokacin da ke gurbin kaza, agogon UTC, oda mai halin an soke tana iya kasancewa ta cika wani ɓangare, don haka a duba gurbin adadin da ya cika kafin a ba mai tambaya amsa, in ba a samu isa ga dillali ba a gaya masa ba a samu ba, kada a ce masa ba shi da oda. Na gwada liƙa kusan wannan a umarnin wakilina, na sake yin cinikin 100 ɗin nan na soke a tsakiya, sai ga shi ya ce min an soke amma 35 sun riga sun cika suna asusunka, kana so a saka musu odar tsayar da asara? Manhaja ɗaya, kod ɗaya, ban taɓa komai ba sai jimla uku.

Ina da rajistar duk gwajin da na yi a ajiye, da ainihin amsoshin da manhajar ta dawo da su da abun da wakilin ya ce a kan kowacce, na goge lambobin asusu, in kuna so sai in tura muku ta shafin da kuke karɓar rahoton matsala. Zan iya taya ku zana jadawalin halayen ma na dillalin da nake amfani da shi. Tambaya ɗaya ce dai nake roƙon ku amsa min kafin nan, don gobe nake son gwada ta: odar yini ɗaya da ta cika rabi sannan aka tashi kasuwa wa'adinta ya ƙare, cikin kalmominku huɗu wacce za ta fito?

Na gode, a huta gajiya.

Naku,
wani mai gwada manhajar a asusun bogi